Kujera Ta Biyu a Rumfar Zaɓen Tuckett

Da Mista Orval Pruitt ya rasu a watan Fabrairu, Goggo Lorene ba ta yi kuka a coci ba. Sai da muka fito ina riƙe da hannunta a kan matakala saboda santsin ƙanƙara, ta ce da ni a hankali, "To, yanzu wa zai zauna a kujerar?"

Na ɗauka kujerar coci take nufi. Ashe ta rumfar zaɓe ce.

Goggo Lorene yayar babana ce. Shekara talatin da huɗu ita da Mista Orval suna zama a teburi ɗaya a gidan 'yan kwana-kwana na Tuckett duk ranar zaɓe. Ita 'yar jam'iyya mai tambarin giwa ce, kamar kowa a gidanmu, kai kamar kowa a garin. Shi kuwa ɗan ɗayar jam'iyyar, mai tambarin jaki. Doka ta ce ba a buɗe rumfa sai da mutum ɗaya daga kowane ɓangare, su zauna tun buɗewa har rufewa, wannan yana kallon hannun wancan. Mista Orval shi ne jaki na ƙarshe da ya rage mana mai iya zama. Akwai wasu biyu, amma ɗaya tana gidan tsofaffi ba ta ma gane 'ya'yanta, ɗayan kuma direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana a gari ba.

Ba a yi mako biyu ba takarda ta zo daga ofishin gunduma. In ba a kawo sunan wanda zai maye gurbinsa kafin ƙarshen Maris ba, za a rufe rumfarmu a haɗa ta da ta Calder, mil ashirin da shida daga nan. Goggo ta san tsofaffinta. Waɗanda ke takowa da sanda zuwa gidan 'yan kwana-kwana ba za su kai Calder ba.

Ta same ni a shagon faci inda nake aiki, ina durƙushe ina kwance tayar tarakta. Ta tsaya a kaina da jakarta a hammata.

"Royce, ka taɓa yin rajistar zaɓe?"

"A'a, Goggo."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Madalla."

Na ɗaga kai na dube ta. Tunda nake, ban taɓa jin ta yi madalla da wani abu da na kasa yi ba. Lokacin da na bar makaranta a aji goma, wata uku ta yi ba ta amsa gaisuwata.

"Tunda ba ka da jam'iyya, ba abin da za ka rasa," in ji ta. "Gobe zan kai ka Calder ka rubuta kanka jaki."

"Haba Goggo. Baba fa?"

"Virgil? Ni na goya shi. Bar ni da shi."

Ni ba na iya musu da tsofaffi, kuma gaskiya ban ga wani abu a ciki ba. Layi ɗaya ne a takarda. Na yi alama inda ta nuna, na sa hannu, muka tsaya muka ci soyayyen kaza a hanya, ita ta saya.

Abin da ban sani ba, kundin rajista ba sirri ba ne. Duk wanda ya so yana iya dubawa. Kafin kwana goma takardun yaƙin neman zaɓe suka fara cika akwatin wasiƙata, masu hoton mutanen da ban taɓa gani ba suna murmushi suna kirana aboki. Mai kai wasiƙu kuwa matar Curtis ce, maigidana. Da safe ina shiga shago Curtis ya daki bayan wata mota ya yi kukan jaki har sai da tari ya sarƙe shi.

"Ranka ya daɗe shugaban 'yan adawa! A kawo maka ciyawa ko ka karya?"

Na yi dariya na ɗauki guduma. An wuni ana yi. Wannan bai dame ni ba.

Na Baba ne ya dame ni. Ranar Lahadi na je cin abinci kamar kullum, na tarar da shi a kujerarsa gaban talabijin, da hular jam'iyya a kansa a cikin ɗaki. Bai juyo ba.

"An ce ka sayar da kanka."

"Goggo ce ta..."

"Goggo ce ta. Shekararka ashirin da huɗu, Goggo ce ta. Kakanka da zai tashi yau da ya koma."

Goggo tana kicin tana dama dankali, ta leƙo da cokali a hannu.

"Virgil, yaushe rabonka da rumfa?"

"Ina ruwan wannan da wancan?"

"Shekara goma sha ɗaya. Ni ke riƙe da kundin, ni nake ganin gurbinka fari fat duk shekara."

"To me zan je yi, Yaya? A nan ko na je ko ban je ba mu ke ci. Waɗanda suka ci ɗin ma in sun tafi sai a ga ƙeyarsu. Amma ban taɓa rubuta kaina cikin waɗancan ba."

Ya ƙara ƙarar talabijin. Muka ci abinci mu biyu a kicin.

An kira mu horo a Calder, awa biyu. Madam Darlene, magatakardar gunduma, ta yi ta magana da sauri tana nuna hotuna a bango, ta raba mana wani ɗan littafi. Ni karatu yana ɗaukar min lokaci, sai na bi layi da yatsa. Na ce a raina ai Goggo ta haddace komai. Na jefa littafin a aljihun mota.

Ranar zaɓen Talata ce a watan Mayu, zaɓen fid da gwani da wasu 'yan tambayoyi na gunduma. Ƙarfe biyar da rabi muka buɗe. An fitar da motar kashe gobara waje don a ba mu wuri, ƙasa duk tabon baƙin mai. Muka ja teburi, muka kafa 'yan rumfuna uku masu labule, muka kunna na'urar da ke haɗiye ƙuri'a, ta fitar da 'yar takarda mai nuna sifili, muka sa mata hannu mu biyu. Goggo ta sa ni ɗaga hannu na yi rantsuwa, ni ma na sa ta. Ba kowa a ɗakin sai mu, amma ta miƙe tsaye ta gyara rigarta kafin ta fara.

"Wannan ce kujerarka," ta ce. Kujerar ƙarfe ce mai naɗewa, da wani tsohon matashi da ya lotsa a tsakiya. "Ba ka tashi sai bayan gida, shi ma da sauri. Ba na miƙa wa kowa ƙuri'a in ba ka nan. In ɗayanmu ya bar ginin nan, a rufe ƙofa, a rubuta a rahoto. Ka ji?"

"Na ji, Goggo."

Sunaye ɗari uku da goma sha biyu ne a kundin. Ta dafa kofi cike da babbar tukunya, ta jera kek ɗin kirfa a faranti biyu.

Na farko Mista Lyle Overby ne, shida da minti biyar, yana jan tulun iskar numfashinsa a baya kamar kare.

"Sunanka?" in ji Goggo.

"Lorene, tare muka yi aji ɗaya."

"Sunanka da adireshinka, Lyle."

Ya faɗa. Ya juyo gare ni ya ƙare min kallo.

"Wannan ne sabon jakin? Ai bai kai Orval kunnuwa ba. Yaro, ka iya musu? Orval kafin ƙarfe bakwai sun yi faɗa uku da ita."

"Ban iya ba, Kaka."

"To an cuce ki, Lorene."

Ya shiga bayan labule ya daɗe. Da ya fito na manna masa wata 'yar takarda mai cewa ya yi zaɓe, ya ɗauki kek biyu ya tafi.

Kafin tara mutum bakwai suka zo, duk masu furfura. Daga nan sai shiru. Motoci suna wucewa zuwa ma'ajiyar hatsi, wasu su ɗaga mana hannu ta ƙofar da muka bari a buɗe. Wata mata ta tsaya, Goggo ta gyara zama ta buɗe kundi, ashe tambaya take ko nan ake sayar da tikitin gasar kifi. Curtis ya leƙo ƙarfe sha ɗaya, ya sha kofi, ya yi min kukan jaki ƙasa-ƙasa.

"Tunda ka shigo, ga sunanka nan," in ji Goggo.

"Yau ne? Kai, na bar mota a kan jak, Iya. Zan dawo."

Ya ɗauki kek ya fita. Bai dawo ba.

Da rana ta yi tsaka zaman ya ishe ni. Ba a yarda da rediyo ba, waya kuma sai ta aiki. Na tashi na tsaya gaban samfurin ƙuri'ar da aka liƙa a bango, na fara bin sa da yatsa don kawai lokaci ya tafi. Sunayen ban san ko ɗaya ba. Amma can ƙasa akwai tambaya mai dogon rubutu, sai da na karanta sau uku. Ana tambaya ne ko a ci gaba da ajiye motar asibiti a wannan ɓangaren gunduma, ko a mayar da ita Calder.

Motar nan na san ta. Ita ta ɗauki mamata shekara biyar da suka wuce, lokacin da ta faɗi a wajen shanya. Minti tara suka yi suka iso. Ba ta rayu ba, amma ta yi kwana shida a asibiti, ta yi magana da kowannenmu. Daga Calder minti arba'in ne.

Na dawo na tsaya gaban teburi, ba bayansa ba.

"Royce Haskett," na ce. "Lamba huɗu, hanyar Sorrel."

Goggo ta dube ni ta saman tabarau. Na ga bakinta ya motsa. Ta lashi yatsa ta buɗe kundi. Ta bi layi. Ga Lorene Haskett, ga Virgil Haskett. Ta koma sama ta sake bi. Ta juya shafi, ta dawo.

"Ba ka ciki."

"Ai tare muka je, Goggo."

Ta ɗauki waya ta kira ofis, ta sa yadda zan ji. Madam Darlene ta ɗauka, muka ji tana danne-danne.

"Yana nan, Lorene. Amma tirelar da yake zaune a ciki tana hayin rafin Sorrel, kin san daga gada zuwa can rumfar cocin Bethel ce. Ai na faɗa a horo, duk ma'aikacin da ba a rumfarsa zai zauna ba ya yi zaɓe tun kafin ranar. Yana shafi na biyu a littafin da na raba muku. Kwana goma sha huɗu ƙofata tana buɗe."

"Ba zai cike ƙuri'ar wucin gadi a nan ba?"

"Ya cike in yana so, amma kin fi ni sani, ba rumfarsa ba ce, ba za a ƙirga ba. Lorene, mutum nawa kuka samu?"

"Goma sha ɗaya."

Madam Darlene ta ce, "To. Ku dai kawo min rahoto mai tsabta. Shi ne abin da zan iya nuna wa kwamishinonin gunduma don kada su rufe rumfar."

Goggo ta ajiye waya. Ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Laifina ne. Tun kana cikin zani nake ganinka a garin nan, ban taɓa tunanin gadar nan ba."

"Ni ne ban karanta ba."

"Bethel mil goma sha takwas ne. Zuwa da dawowa awa ɗaya, in ba ka biyo bayan tarakta ba." Ta dubi agogon bango, biyu da kwata. "Tashi ka tafi."

"In na fita sai an rufe ƙofa."

"Zan rufe."

"Sai an rubuta a rahoto."

Ta jera alƙaluman da ke gabanta, ta sake jera su.

"Wa zai sani? Tun sha ɗaya ko kyanwa ba ta shigo ba."

"Goggo, ke?"

"Ni ɗin." Muryarta ta ɗan tashi. "Shekara talatin da huɗu ban taɓa mayar da mutum gida bai yi zaɓe ba. Na taɓa kai wa mace ƙuri'a har mota tana naƙuda, ni da Orval. Yau ga mutum ɗaya ɗan ƙasa da shekara sittin ya tsaya gabana da kansa, kuma ɗan ƙanena, in ce masa zauna? Zauna ka tsare me? Kujeru?"

Na ɗauki makullin motata na fita. Rana ta yi zafi, kujerar motar har ƙuna take. Na tayar da inji. Ta madubi na ga Goggo ta jawo ƙofa, tana ƙoƙarin liƙa takardar sanarwar rufewa da hannu ɗaya, iska tana ɗaga ta.

Na zauna ina tunani, ni kuwa tunani ma a hankali nake yin sa. In ta rubuta cewa mun rufe awa ɗaya, kwamishinoni sun sami abin da suke nema. In ba ta rubuta ba, da yamma za ta sa hannu a ƙarƙashin ƙarya, ni ma in sa nawa kusa da nata. Da safen nan ta gyara riga kafin ta yi rantsuwa a ɗakin da ba kowa. Na san in ta yi wannan, ko an bar mata rumfar, ba za ta ƙara zama a cikinta kamar da ba.

Na kashe inji. Na dawo na cire takardar daga hannunta na buɗe ƙofa.

"Royce."

"Motar ta ƙi tashi, Goggo."

"Ina jin ta daga nan, maƙaryaci."

Na koma kan matashin Mista Orval na zauna. Ita ma ta zauna.

Na so a ce wani ya shigo a cikin awar nan, ko da mutum ɗaya, in ce ga dalilin da na dawo. Ba wanda ya zo. Uku ta yi, uku da rabi ta yi, ƙuda yana yawo a kan kek. Sai biyar saura kwata wasu malaman makaranta biyu suka shigo, sannan 'yan tsiraru bayan an tashi aiki. Mista Lyle ya dawo da matarsa a keken guragu, ya ce da safe ba ta tashi ba. Ƙarfe bakwai Goggo ta fita bakin ƙofa ta yi shela da ƙarfi cewa an rufe zaɓe, kamar yadda doka ta ce. Ba kowa a titi sai wani kare.

Mutum ashirin da uku. Na'ura ta fitar da doguwar takarda, muka sa hannu. Muka ƙirga ƙuri'un da ba a taɓa ba, muka zuba komai a jaka, muka ɗaure da hatimi, ta karanta lambar ni kuma na rubuta. A gurbin da aka tambaya ko an rufe rumfa a wani lokaci, ta rubuta a'a, ta turo min na sa hannu. Na zubar da kofin da ya rage a bayan gini, fiye da rabin tukunya.

Jakar ma ba mutum ɗaya ke kai ta ba, sai mu biyu a mota ɗaya. Ta rungume ta a cinya har Calder. Rana ba ta gama faɗuwa ba muka isa.

Madam Darlene ta duba hatimi, ta duba rahoto, ta gyaɗa kai.

"Tsaf. Da wannan zan iya riƙe muku rumfar zuwa babban zaɓen Nuwamba." Ta zaro takarda ta ajiye a kan teburi. "Ku sa min hannu a nan cewa za ku zauna, giwa a sama, jaki a ƙasa."

Na ɗauki alƙalami na miƙa wa Goggo. Ba ta karɓa ba.

"Na gaji, Darlene."

"Kowa ya gaji yau, Lorene. Ki tafi da ita gida."

"A'a. Ba gajiyar yau ba ce." Ta dafa teburin da hannu biyu. "Yau saura kaɗan in yi abin da ban taɓa yi ba, kuma ko a jikina. Wanda ya kai nan ya tashi ya ba wani."

Madam Darlene ta dube ni. Alƙalamin yana hannuna, layin ƙasa yana gabana. Na sunkuya na rubuta sunana a hankali, yadda zai karantu.

"To," in ji Madam Darlene. "Jaki ya samu. Yanzu giwa za ka nemo min kafin ƙarshen Agusta, in ba haka ba ba ni da abin cewa."

"Ai su suka cika garin," na ce.

Goggo ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

A hanyar komawa na fara lissafo mata mutane. Curtis? Ta ce ba zai iya awa goma sha huɗu bai sha taba ba. Malaman makarantar nan biyu? Suna aji ranar Talata. Matar fasto? Ta tambaye ta sau uku a shekara uku. Na kira sunaye har goma sha biyu, kowanne ta riga ta taɓa buga masa ƙofa.

"Ka dai sake tambayarsu," ta ce. "Ni sun saba ce min a'a. Kai ba su saba ba tukuna."

Ta jingina kai da gilashi. Da muka zo gada rediyo ya fara karanto sakamakon gunduma, na miƙa hannu zan ƙara murya don in ji na motar asibiti, sai na ga ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Na bar shi ƙasa-ƙasa, ban ji komai ba. Na rage gudu saboda ramukan da ke bayan ma'ajiyar hatsi, ina tunanin ƙofar wa zan fara bugawa ranar Asabar.